Zanen da Ke Falon Baffa Ilu

Zanen nan da ke rataye a falon marigayi Baffanku Ilu, wanda kuka ɗauka a waya kuka sa a zauren hirarku na dangi, wanda kuma na ji Hadiza na shirin bugawa a jikin kalandar sunan 'yarta, ba kakarku ba ce. Ni na zana shi da hannuna, don haka babu wanda ya fi ni sani. Shekara ashirin da biyar ke nan ina riƙe da maganar, kuma da Baffanku yana raye da har yau bakina a ɗinke yake. To, shi ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara aiko mini da sammaci. Gara ku ji daga bakina, kafin wata tsohuwa mai yawan kallon fim ta ɗauki kalandar a wurin suna ta tuntsire da dariya a gaban surukai. Ku karanta har ƙarshe kafin ku kira ni, musamman ke Hadiza, da ba ki barin mutum ya kai aya.

Kun san ni da zanen aiki. Yaya Ilu ne ya aika aka taho da ni Libreville ina saurayi, ya zaunar da ni a teburin bakin ƙofa a shagonsa na ɗinki da ke unguwar London. Aikina shi ne a shimfiɗa mini shadda in zana aska takwas, ko tambari, ko dagi, sannan masu keken aiki su bi layina da zare. In sun gama a wanke a buga, layina ya bi ruwa. Duk manyan rigunan da kuka ga ana taƙama da su ranar Idi, ba zanena aka sa ba, zaren wani aka sa. Ban taɓa jin haushin haka ba, haka sana'ar take. Amma ina da littafi a ƙarƙashin tebur, mai farar takarda, a cikin leda saboda raɓar garin nan da ke cin takarda. Shi wannan ba ya zuwa wanki.

Abin da ke cikin littafin ba na kowa ba ne, kuma kunne ne ke jan hannuna. Akwai wata mashaya a bayan shagon da ke sakin kiɗan Kongo tun hantsi, ko muna so ko ba mu so. In jitar nan ta ɗauka sai in ga hannuna yana ta lanƙwasa, ya fitar da ruwan sama a kan kwanon rufi, ko matan da ke tsallake kwata da tire a ka. In kuwa aka sa kaset ɗin kukuma a rediyon shago, layin sai ya sirance ya miƙe, in tsinci kaina a hanyar kasuwar garinmu, ga kukar bakin rafi, ga jakin maƙwabcinmu da ba ya tafiya sai an roƙe shi. Ran Lahadi bayan la'asar nakan karɓo fim wurin Buba, wani mutumin Garwa mai ɗan kanti, wato butik, a kan kwana, na Hausa ko na Indiya, duk wanda ya samu. Abin da ya tsaya mini a rai, washegari ya shiga littafi: wata taga, wani doki, yadda wata ta riƙe bakin mayafi. Har furannin da matan unguwar Batterie IV suka yi ta rububi a wuyan rigunansu wata shekara, daga labulen wani fim na sato su, Allah ya yafe mini. Yaya Ilu kuwa sunan da ya raɗa wa littafin shi ne shirme.

"Kai dai Habu," yakan ce, "in aka bar ka da shirmen nan, har sallah sai ta wuce ka."

Dole in faɗa muku wani abu tsakanin Baffanku da Inna, mahaifiyarmu, don ku 'yan Libreville ne, ku da kuke faɗawa jikin Ummanku kuna ƙwace mata waya. Yaya Ilu ɗan fari ne. A garinmu, a zamanin su Inna, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta haɗa ido da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma wadda ba ta yi haka ba sai a ce ba ta da ta ido. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu. Can ya girma, daga can ya tafi Kano koyon ɗinki, daga Kano ya biyo hanya har nan. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango, ta amsa a taƙaice. In ya fita sai ta tura ni in bi shi da ƙwaryar furar da ta fi kowace kyau. Ni kuwa auta ne, shekara goma sha bakwai tsakanina da shi. A cinyarta na yi wayo. Na san ƙamshin man shanun kanta, na san ƙaramin yatsanta na hagu da ya lanƙwashe tun ranar da taɓarya ta danne shi. Fuskarta kuwa, a lokacin ina ganin ko makancewa na yi ba za ta ɓace mini ba.

Hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Ta ce ita ba ta tsayawa a gaban namijin da zai kanne mata ido ɗaya. Abin da muke da shi nata kaset ne. Lokacin waya ba ta kai garinmu ba, sai in wani zai taho a zaunar da Inna gaban rediyo ta yi magana, a ba shi kaset ɗin ya kawo. Takan kira sunana ya fi sau goma, ta tambayi Ummanku, ta tambayi ko ina cin abinci, ta ba ni labarin akuyar da ta haihu da wadda ta shiga gonar mutane. Can ƙarshe sai ta yi gyaran murya ta ce:

"A gaida wancan. A ce masa ana nan ana addu'a."

Shi ke nan rabon Yaya a kaset guda. A shago muke saurara, shi yana yanka kamar ba ya ji, amma na lura duk sanda aka zo kan "wancan" almakashin yakan tsaya. Akwai wani kaset da suka manta ba su kashe rediyon ba, ta tashi ta koma kan turmi, aka ɗauko ta tana waƙar daka, muryar na hawa tana sauka tare da taɓarya. Duk cikin kaset ɗin shi na fi so, kuma da shi na zana rabin abin da ke littafina.

Shekarar da aka haifi Hadiza Inna ta rasu. Rabona da ita shekara goma sha ɗaya, shi Yaya ya fi haka. Saƙon ya iske mu bayan kwana huɗu da rufe ta. Katin zamana, wato sejur, yana wurin sabuntawa, in na fita ba lallai ne in iya shigowa ba. Yaya kuwa nasa lafiya lau, amma ya ce an riga an rufe ta, me zai je ya gani, ƙasa? Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago kwana uku, Kanawa da mutanen Nijar da na Kamaru suka zo suka yi mana gaisuwa, liman ya yi addu'a, aka naɗe tabarmi, kekuna suka ci gaba da ƙara. Ban ga hawaye a idon Yaya ba. Amma kuma ba kallon idonsa nake yi ba, don a wurina uba ne, kuma ba a tarbiyyantar da mu da zuba wa na gaba ido ba. Ga gemu ya cika masa fuska, ga tabarau, ga hula ya kifa har gira. In ya yi magana, hannunsa nake kallo.

A cikin kwanakin nan ne Buba ya ba ni wani fim na Hausa. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma akwai wata dattijuwa da ta fito a uwa, akwai kuma wurin da ɗanta zai yi doguwar tafiya, ta riƙe kansa da hannu biyu, ta dube shi, ta sa masa albarka. Na kalli wurin nan ban san iyaka ba. In ya wuce in mayar baya, in ya wuce in mayar. Kuka nake yi, ba na ɓoye muku. Ummanku tana fama da tsohon ciki, ta gaji da ni ta ce:

"Malam, in kaset ɗin mutane ya tsinke, ni dai babu ruwana."

Bayan addu'ar arba'in da 'yan kwanaki, wata rana da azahar aka ɗauke wuta ana tsuga ruwa. Masu keke suka tafi cin abinci, muka rage daga ni sai Yaya. Yana ninke wani yadi da ya riga ya ninke, bai juyo ba ya ce:

"Wannan littafin shirmen naka, yana nan?"

Na ce yana nan, Yaya.

"Kana iya fitar da mutumin da ba ya gabanka?"

Na ce in na san shi, ina iyawa.

Ya sake ninke yadin. Ya ce, "To ka fitar mini da tsohuwa. Kai ka fi zama da ita."

Tsohuwa yake ce mata, bai taɓa cewa Inna ba. Na sayi babbar takarda mai kauri, na zauna ran Lahadi da safe a tsakar gida, na sa kaset ɗin waƙar daka. Na fara da hannuwa, suka fito daidai, har da yatsan nan. Na yi ɗankwalin yadda take ɗaura shi, ƙullin a gefen hagu. Na yi zaman da take yi, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka saboda ɗaukar tulu. Da na zo kan fuska na yi zaton nan zan sha wuya, sai kuwa ta zubo kamar an buɗe famfo. Goshi, hanci, baki mai ɗan murmushi, idanu suna kallon mutum kai tsaye cike da tausayi. Kafin azahar na gama. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce wa kaina lallai Habu ka iya. Da ina da hankali, da saurin nan kaɗai ya isa ya sa in yi shakka. Shekara goma sha ɗaya ba ta dawowa cikin hantsi ɗaya.

Washegari na kai masa a naɗe. Ya warware a kan teburin yanka, ya danne gefunan da almakashi da dutsen guga. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe ya sa a hammata ya fita, ba Allah ya yi maka albarka, ba komai. Bai dawo shago ba ranar. Daga baya na ji wurin masu gilashi ya wuce, can Plaine Orety, ya tsaya a kansu har suka sa masa shi a firam.

Ranar sunan Hadiza, cikin matan da suka zo akwai Gwaggo Asabe. Ba za ku tuna ta ba. Tsohuwa ce 'yar garinmu da ta biyo ɗanta nan, tana sayar da tuwo a bayan masallaci, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidan aurenta na fari da na Inna. Da taro ya watse ta tsaya taya Ummanku tattara kwanuka. Ummanku, don alfahari da mijinta, ta ɗauko littafina ta buɗe mata kwafin zanen da na ajiye wa kaina a ciki. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina ji. Gwaggo Asabe ta kai littafin nesa, ta kawo shi kusa, ta ce:

"A'a! Wannan ai matar fim ɗin nan ce, mai sa albarka. Kai, ta fito sak! Habu kai ka yi?"

Ummanku ta ce, "Gwaggo, Inna ce fa."

"Wace Innar? Haba 'yar nan. Hannun dai nata ne, ga yatsan nan. Ɗaurin ma nata ne. Amma Hajara mai doguwar fuska ina ta ga wannan kumatun?"

Ban yi gardama ba. Na tashi na sa fim ɗin, na kai shi wurin sa albarka na tsayar, na ɗora littafin a gefen talabijin. Ko makaho ya shafa ya san mutum ɗaya ce. Har ɗan tabon da ke ƙarƙashin idon matar na kwaso na liƙa wa Inna. Na rufe ido na ce to, bari in kira ta gaskiyar. Na ga tsakar gidanmu, na ga turmi, na ga hannu, na ga ɗankwali. Da ta ɗago kai, sai matar fim. Na sake, matar fim. Kwana uku ina ɓata takarda, duk fuskar da na fara, kafin in kai haɓa ta koma waccan. Abin da zare ke yi wa layina a kan shadda, shi na yi wa uwata da hannuna: na bi ta kanta na rufe, ta ƙasan kuma ta bi ruwa.

Na je wurin Gwaggo Asabe a bayan masallaci na ce ta kwatanta mini. Ta ce doguwar fuska, goshi ya ɗan fito, leɓen ƙasa ya fi na sama. Na ce wannan ai rabin matan garinmu ne. Ta ajiye mara ta dube ni.

"Kai da kake zaune da Ilu kullum? Ai shi ya ɗauko ta, kamar an tsaga kara. Kai ubanku ka biyo."

Na ce, "Gwaggo, ni gemu da tabarau kawai nake gani."

Ta ce wannan kuma matsalata ce. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa sai na sanar da Yaya da kaina. Ta ce ita idonta ya tsufa, ba ta ga komai ba.

Lahadin da ta biyo na shiga taksi da safe zuwa Batterie IV, inda Yaya ya koma da iyalinsa shekara ɗaya kafin nan. Duk hanya ina shirya magana. Zan ce Yaya an yi kuskure, a ba ni in gyara, ko da yake na san ba ni da abin gyarawa da shi. Matarsa ta ce yana ɗakin ciki. Na yi sallama na shiga na durƙusa. Yana zaune a kan darduma, ya jingine zanen a kan kujera daidai fuskarsa. Ya ce mini in zai yi sallah yakan juya shi bango, in ya idar ya juyo shi. Muka gaisa. Na buɗe baki ke nan ya riga ni, idonsa na kan gilashin.

"Ashe haka idonta yake."

Ya ci gaba, bai juyo ba.

"Habu, shekarata hamsin da ɗaya. Ba ta taɓa kallona haka ba. Gefen kunnenta na sani, da bayan mayafi." Ya ɗan yi dariya. "Yanzu kuwa duk inda na zauna a ɗakin nan sai ta bi ni da ido. Na gwada, na koma can lungu, tana kallona."

Sai ya juyo ya ce, "Ita ce sak, ko?"

Ga wurin da nake so ku tsaya ku duba. Ba tsoronsa ne ya kama ni ba, ko da yake ina tsoronsa. Na san in na faɗa zai karɓa, don mutum ne da ba ya son algus ko a zare. Zai miƙo mini firam ɗin ya ce tafi da shirmenka, ya koma yadda yake, mai gefen kunne da bayan mayafi, har ya mutu. Ni na sha kallon Inna har na yi wasa da shi na zubar. Shi bai taɓa samu ba sai wannan na aro. Na dubi tabarma na ce:

"Ita ce, Yaya."

Ƙarya kuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Nan take ya ce zai sa a yi kwafi a aika gida, a ba kowace 'yar'uwa ɗaya. Na san in ya isa hannun Gwaggonku Ladi, kashina ya bushe. Na ce, Yaya, matar da ta ƙi hoto tana raye, in aka ga mun rarraba ta gida gida bayan ranta, za a ce mun ci amanarta. Ya yi tunani ya ce na yi gaskiya, a bar shi a nan. Ranar ce kaɗai a rayuwata ya ce na yi gaskiya, kuma a kan ƙarya ya faɗa. Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba, ya tsayar mini da taksi da kansa. Bai sake kiran littafina shirme ba.

Abin da na biya kuwa ga shi. Kun sha tambayata me ya sa nake zana jiragen ruwa da kasuwa da kuliyoyin unguwa amma ban taɓa zana ɗayanku ba. Kai Sani har fushi ka yi kana aji uku, ka ce uban abokinka da bai iya komai ba ya zana shi. Tun ranar nan na daina zana fuskar mutum. Tsoro nake kada in zana ku in rasa ku. Na mayar wa Buba fim ɗinsa, ban ƙara karɓar wani ba, har ya zaci wani malami ne ya yi mini wa'azi. Wanda ya fi ciwo shi ne kaset ɗin waƙar daka. Na sa shi sau ɗaya bayan haka, muryar Inna ta fito, sai na ga bakin matar fim ne ke motsi. Na kashe. Na sa shi cikin ledar littafin, shekara ashirin da huɗu ban sake saurara ba. Gwaggo Asabe ta koma gida ta rasu da maganar a cikinta, Ummanku ma ta riƙe, Allah ya saka musu. Waɗanda suka san Inna da ido suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin wayoyinku su kai zanen garinmu, idon Gwaggo Ladi ya tafi. Jikokin da suka gan ta suna yara kuwa duk sun ce ya yi kama, don babu mai son a ce ya manta kakarsa.

Na sha satar kallon Yaya a shago ina neman abin da Gwaggo Asabe ta faɗa. Da ya ɗago sai in sunkuyar. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ya zauna in zana shi, da niyyar in karya alkawarin da na yi wa kaina. Ya ce shi ba amarya ba ne, in nemi aikin yi.

Bara da ciwon maƙogwaron nan ya kwantar da shi, kun san an yi masa aiki, amma ba ku ga fuskarsa ba, don ya hana kowa shiga sai matarsa, kuma da naɗi a wuya har haɓa. Saboda aikin sai da aka aske masa gemu. Da ya cika, ni da liman muka yi masa wanka. Liman yana zuba ruwa, ni ina riƙe da kan. Babu hula, babu tabarau, babu gemu, ciwo kuma ya zabge kumatun. Karo na farko ke nan da na kalli yayana yadda nake so, babu mai ɗagowa ya kama ni. Doguwar fuska, goshi ya ɗan fito, leɓen ƙasa ya fi na sama. Inna ce kwance a hannuna, yadda nakan same ta in ta yi barcin rana a kan tabarma. Ban yi kuka ba. Na dai tsaya har sai da liman ya ce, Malam Habu, juya shi mana, jama'a na jira. Shekara talatin da biyar ina zaune da fuskar nan a shago ɗaya.

Bayan addu'ar uku na ɗauko takarda. Wannan karon kwana tara na yi, ina gogewa ina sakewa. Na sa kaset ɗin, ya ɗan ja saboda tsufa, amma ya yi, kuma bakin da ya motsa nata ne. Zanen yana cikin ambulan ɗin da ke tare da takardun nan. In kun buɗe za ku ce wannan ai Baffa Ilu ne aka ɗaura wa ɗankwali. Ku yi dariyarku, Ummanku ma sai da ta yi. Ita ce kakarku, iyakar abin da na iya cetowa. Hadiza, in dole sai kin buga kalanda, wannan za ki buga.

Na falon kuwa kada wanda ya taɓa shi. Ba kakarku ba ce, amma ita ce ta kalli Baffanku shekara ashirin da huɗu, ta yi masa abin da tasa uwar ba ta samu damar yi ba. Ku bar ta a inda ya rataye ta.

Abu ɗaya za ku gani a sabon, kuma kada ku ce in gyara. Idanun a rufe suke. Na nema ban same su ba, don a rufe na gan su.